Bindigata mai lasisi ce, amma a ƙarƙashin gado take kwana: wane irin akwati ya kamata in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo, Kumasi, a gidan haya mai mutane da yawa. Ina da bindigar farauta mai baki ɗaya da nake zuwa da ita gonata a Ejura, kuma tana da lasisi. Na naɗe ta da tsumma a ƙarƙashin gado, ga yara sun fara wayo. Wani mai walda a Suame Magazine ya ce zai ƙera mini akwatin ƙarfe da arha. Shin wannan zai wadatar a wurin hukuma, ko dole sai na sayi na kanti?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin mu je ga akwati, yau ɗin nan ka cire harsashi daga inda bindigar take, ka kulle shi a wani wuri dabam. Yaro ya san ƙarƙashin gadon ubansa fiye da yadda uban yake zato.

Dokar makamai ta Ghana tsohuwa ce. Akwai ta 1962 da ake kira Act 118, sai ta 1972, NRCD 9, wadda aka yi wa gyara a 1996 da 2001. 'Yan sanda ke riƙe da rajistar bindigogi, babban ofishinta yana hedikwatar CID, wato sashensu na binciken laifuka, a Accra. Abin da ya shafe ka a ciki shi ne, lasisin nan na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Sunanka ne a kai, da lambar da ke jikin bindigar. Ƙaninka ko babban ɗanka, ko da ɗaki ɗaya kuke kwana, ba shi da iznin riƙe ta. Sashe na 192 na dokar laifuka ta 1960 ya sa riƙe bindiga ba tare da hujjar doka ba cikin manyan laifuka na mataki na farko. Ka ga ashe aikin akwatin shi ne ya hana bindigar zuwa hannun da ba naka ba, na ɓarawo ne ko na ɗan gida. Da wannan ma'aunin za ka auna duk abin da mai walda zai ƙera maka.

Lambobin da masu sayar da akwatuna ke ambata, irin su BS 7558, na Ingila ne. An fitar da wannan ma'auni a 1992, kuma gwajinsa shi ne akwati ya jure mintuna 5 ana kai masa hari da kayan aikin hannu na yau da kullum. Can ana son kaurin ƙarfen kada ya gaza milimita 2. Ba dokarmu ba ce, amma ni da ita nake ba mutane shawara, domin ɓarawon Kumasi da na Landan ƙarfe iri ɗaya suke lanƙwasawa.

Mai waldan Suame zai iya? Ƙwarai kuwa. Mutanen da ke ƙera jikin manyan motoci akwati ba zai gagare su ba. Matsalar ita ce in ka ce masa "da arha", zai ɗauko ƙarfen da ake yin akwatin 'yan makarantar kwana da shi, wanda sukudireba ke hudawa. Ka tsaya a auna kaurin a gabanka. Waldar kusurwoyi ta zama a jere daga sama har ƙasa, ba ɗigo-ɗigo ba. Hinjin ƙofar ya kasance daga ciki, kuma bakin ƙofar ya shige cikin jikin akwatin yadda ba za a samu tsagar cusa ƙarfe a ɓamɓare ba. Dogon akwati yana son makulli biyu, sama da ƙasa, na cikin jiki. Kwaɗon rataye kam ka manta da shi, a yanke shi ba ya ɗaukar lokacin shan shayi.

Inda na fi ganin mutane suna kuskure shi ne kafawa. Akwatin da ba a ɗaure da gini ba, komai kaurinsa, mutum biyu za su ɗauke shi su buɗe a can cikin natsuwa. Gidajenmu da yawa da bulon yashi da siminti aka gina su, wasu ma masu rami a ciki, irin wanda ƙusa ke fitowa da garinsa in an ja da ƙarfi. Ka nemi ginshiƙin kankare ko daɓen ƙasa, a huda, a sa kusoshin nan masu buɗewa a cikin rami, masu kaurin milimita 10, a ɗaure su daga cikin akwatin. Tunda haya kake, ka nemi yardar mai gida, ka ce masa akwatin ajiya ne, ba sai tsakar gida ta ji abin da ke ciki ba. A sa shi a lungu ko cikin wadirof, inda mai leƙen taga ba zai gani ba. Mai waldan ma ka karɓi akwatin a shagonsa, ka sayo makullan da kanka.

Mabuɗi kuwa, a jikinka. Ba a saman ƙofa ba, ba a aljihun rigar Juma'a da ke rataye ba. Na san uwargida amintacciya ce, amma lasisin bai ambace ta ba.

Sai danshi. Kumasi na da damina biyu a shekara, kuma rufaffen ƙarfe yana tara laima. Tsumman da ka naɗe bindigar da shi ma ruwa yake riƙewa. Ka goge ta da mai, ka tsayar da ita ba harsashi a ciki, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi, ka riƙa dubawa duk wata.

Lasisin yana ƙarewa ranar 31 ga Disamba kowace shekara. In ka je sabuntawa, ka tafi da hoton akwatin a wayarka, ka nuna wa jami'in da ke kula da rajistar bindigogi, in yana da gyara ya faɗa maka. A nan kuma za ka tambaye shi yadda za su ajiye maka bindigar idan doguwar tafiya ta kama ka, kamar aikin Hajji. Ka rubuta lambar bindigar a wata takarda da ba a cikin akwatin take ba, domin in bindigar ta ɓata lambar ce abin da za a fara tambayarka a ofishin 'yan sanda, kuma ranar da ka lura za ka kai rahoto.