Amsoshin Tambayoyinku: Ina Za a Fara Kashe Kuɗi Idan Likita Ya Ambaci Ciwon Daji?

Tambayoyin wannan makon duka daga Gombe da kewayenta suka fito, kuma duka a kan ciwon daji ne da abin da iyali za su saya ko su bari. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunayen masu su.

Tambaya: Malam, mahaifiyarmu tana da ƙullutu a nononta na hagu, ya kai wata biyar. Likita ya ce sai an ɗebi tsoka da allura an kai gwaji, amma kawunnanmu sun hana, sun ce daji ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi zai bazu. Ga kuma wani mai maganin gargajiya da ya ce zai narkar da shi cikin wata uku. Kuɗin da muka tara ba za su ishi duka biyun ba. Wanne za mu zaɓa? Daga wata 'yar'uwa a Bolari.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. 'Yar'uwa, ku kai kuɗin nan wajen gwajin tsoka, kuma kada ku bari wani watan ya sake wucewa. Har yanzu babu wanda ya san abin da ke cikin nonon nan, ko likita ko mai maganin gargajiya, domin ba kowane ƙullutu ne daji ba, kuma shi kansa dajin nono iri-iri ne. Aikin ba tiyata ba ne: ana kashe wurin da allura, a ciro 'yan siraran tsoka waɗanda ba su kai kaurin tsinken ashana ba, a rufe da filasta, mara lafiya ta koma gida a ranar.

Maganar kawunnanku tana da tushe a abin da idonsu ya gani, sai dai fassarar ce ta kauce. Yawancin matanmu ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya yi nisa, sannan a ɗebi tsokar, bayan 'yan watanni jiki ya rikice, sai a ɗora wa allura laifin da na jinkiri ne. Ba na ba ki shawarar ki yi musu da su a gaban jama'a. Ki roƙi babbansu ya raka Mama ranar ganin likita, ya yi tambayarsa da bakinsa, domin dattijon da aka ba shi girmansa ya fi saurin sauka daga ra'ayinsa a kan wanda aka tsallake.

Idan sakamako ya nuna daji ne, akwai gwaji na biyu da ake yi a kan wannan tsokar, wanda iyalai da yawa suke tsallakewa saboda kuɗi, alhali shi ne yake hana ɓarnar kuɗi a gaba. Shi ne ke nuna ko dajin yana girma ne da sinadaran jikin mace, wato abin da za ki gani an rubuta ER da PR, ko kuwa yana ɗauke da alamar HER2. Mai irin na farko takan amfana da ƙwaya irin su tamoxifen, guda ɗaya kullum har shekara 5 ko fiye, kuma tana cikin masu sauƙin kuɗi. Mai irin na biyu kuwa wata allura ce dabam take buƙata, wato trastuzumab, mai tsadar gaske. In babu wannan takarda, a makance za a yi ta sayen magani.

Game da mai maganin gargajiya, ba na raina itatuwa, domin paclitaxel da ake sa wa masu dajin nono daga ɓawon wata bishiya aka fara samo shi, vincristine kuma daga wani fure na Madagaska. Abin da ya raba su da ruwan jarka shi ne an auna su, an gwada su a kan dubban marasa lafiya, an san adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa. Ko da ya nuna miki lambar NAFDAC, ki duba ko ta ƙare da harafin L, domin irin wannan lamba tana nufin an duba cewa maganin ba ya cutarwa ne kawai, ba ta tabbatar da cewa yana warkar da komai ba. Wani bincike na Jami'ar Yale a Amurka, da aka wallafa a 2018, ya gano cewa matan da ke da dajin nono suka zaɓi irin waɗannan magunguna su kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka bi asibiti fiye da sau 5. Addu'a da tofi babu likitan da zai hana ku, amma duk abin da Mama za ta sha ku faɗa masa, kuma kada a shafa wa nonon wani abu mai cin fata da sunan zai fasa ƙullutun.

Tambaya: An tabbatar matata tana da sankarar bakin mahaifa. Wani dillali ya ce zai haɗa mini komai mu tafi Alƙahira, amma sai na sayar da gonata. Ban gaya mata sunan ciwon ba tukuna. In sayar ko a yi maganin a nan? Daga wani magidanci a Kumo.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya kuma saka maka da alheri. Kafin maganar gona, ka koma wajen likitanta ka tambaye shi a wane mataki ciwon yake, cikin matakai huɗu da ake kasa shi. Idan a farkonsa ne, tiyata kan wadatar. Idan ya ɗan yi nisa amma bai bar ƙugu ba, abin da ake yi a ko'ina a duniya shi ne gashi da na'ura daga waje na kimanin mako 5, tare da ƙarin ruwan maganin daji mai suna cisplatin sau ɗaya a mako, sannan gashi na ciki wanda ake kai na'urar har bakin mahaifar. Cisplatin na Alƙahira da na Gombe ɗaya ne. Abin da ke raba sakamako shi ne a kammala dukan gashin cikin kimanin mako 8 ba tare da yankewa ba, domin duk kwanakin da aka ƙara a kan haka suna rage ƙarfin maganin.

A nan ne masu cewa a fita waje suke da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba: na'urorin gashi a Nijeriya kaɗan ne, layi yana da tsawo, kuma idan ɗaya ta tsaya gyaranta kan ɗauki lokaci. Saboda haka tambayar da za ka yi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, inda akwai sashen masu ciwon daji, ita ce wane ɓangare na maganin za a yi a nan, wane ne za a tura ku wani wuri kamar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, kuma yaushe za a ba ku ranar farawa. Idan aka ba ku rana ta kusa, ban ga dalilin sayar da gona ba. Ka kuma nemi bayani a kan Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji na gwamnatin tarayya, wanda ya fara aiki a 2021 a asibitoci 6, na Gombe yana cikinsu, domin masu sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate) waɗanda ba su da hali. Ba kowa yake samu ba, kuma da takardun sakamakon gwaji ake nema, amma cike takardar ba ya rage ka da komai.

Idan kuwa tafiyar ta zama dole, kada ka miƙa kuɗin gona a hannun dillali. Ka aika da takardun Hajiya ga asibitin kansa, su rubuto maka tsarin magani da kuɗinsa da tsawon zama, ka biya su kai tsaye, sannan ka ƙara kuɗin haya da abinci da mai jinya da hawan dala a lissafinka. Bayan an dawo ma akwai ganin likita duk bayan wata 3 ko 4 a shekaru biyun farko, ga ƙarin jini idan ya yi ƙasa, ga kuɗin mota, kuma gonar nan ce za ta ɗauki wannan nauyi. Jinginar da ita ko yankar wani sashe ya fi sayar da ita ɗungurungum.

Batun ɓoye mata sunan ciwon kuwa, na san da kyakkyawar niyya ake yi, kuma likitocinmu da iyalai sun daɗe suna ja-in-ja a kansa. Ra'ayina shi ne a gaya mata, a hankali, kana kusa da ita. Macen da za a kwantar a ƙarƙashin na'ura kwana biyar a kowane mako za ta gane da kanta, kuma wadda ba ta san dalilin wahalar ba ita ce ke cewa ta gaji a mako na uku.

Tambaya: An rubuta wa yayata trastuzumab. Wani a WhatsApp yana sayar da shi ƙasa da rabin kuɗin kantin asibiti, ya ce direba zai kawo daga Kano. In saya? Daga wani ɗan'uwa a Bajoga.

Amsa: Kada ka saya, ɗan'uwa. Araha iri biyu ce a wannan magani. Akwai ta halal, domin wasu kamfanoni suna yin makamancinsa bayan ƙarewar haƙƙin mallakar kamfanin farko, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irinsa na farko a Disambar 2019. Ka tambayi mai harhaɗa magunguna na asibitin ko suna da irin wannan. Akwai kuma ta jabu, wadda NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi a kanta game da magungunan daji masu tsada. Ko da na gaske ne, magani ne da ake ajiyewa a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma kwalbar da ta wuni a but ɗin mota a zafin watan Afrilu ba za ta canza kama ba, amma babu mai iya rantse maka cewa tana aiki. Duk inda za ka saya, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar rukunin maganin da ranar lalacewarsa, ka kuma ɗauko shi a akwatin ƙanƙara.

Tunda kuɗi ne matsalar, ka gaya wa likitanta gaskiya tun yanzu. Ana yin allurar ne duk bayan mako 3 har shekara guda, wato kusan sau 17 ko 18, ga hoton zuciya da ake maimaitawa domin maganin kan taɓa ta. Wani babban bincike a Birtaniya, da aka wallafa a 2019, ya nuna cewa ga mata da yawa masu dajin da bai yi nisa ba, wata 6 yana ba da sakamako kusan daidai da na shekara. Likita ne zai yanke ko yayarka tana cikinsu, amma tsara wata 6 tun daga farko ya fi a fara na shekara a tsaya a allura ta huɗu.

Tambaya: 'Yata tana da shekara 11. Ana cewa rigakafin sankarar mahaifa yana hana haihuwa, wani kuma ya ce in biya a asibitin kuɗi domin nasu ya fi kyau. Daga wani uba a Dukku.

Amsa: Malam, ba sai ka biya ba. Nijeriya ta shigar da rigakafin HPV, wato ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, cikin alluran gwamnati a Oktoban 2023, Bauchi tana rukunin farko, Gombe ta shiga a Mayun 2024, kuma kyauta ne, allura ɗaya. An fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, saboda haka ka je cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa da kai ka tambayi ko shekarunta suna cikin waɗanda ake yi wa yanzu. Tun 2006 ake amfani da wannan rigakafi a duniya, kuma binciken da aka yi a kan miliyoyin waɗanda suka karɓa bai nuna yana hana haihuwa ba. Kuɗin da ka ware, ka kai mahaifiyarta a duba mata bakin mahaifa idan ta kai shekara 30, domin ita gwaji ne ya fi yi mata amfani a kan rigakafin, kuma cikin 'yan mintuna ake gama shi.