Masanin Tsohon Adabi Zai Iya Rubuta Labarin Dodanni?

Tambaya: Ina nazarin adabin Turai na tsakiyar zamani a jami'a, kuma ina da burin rubuta ƙagaggun labarai na dodanni da matsafa. Wani malamina ya ce hakan zai rage mini daraja a idon masana. Shin an taɓa samun wanda ya haɗa biyun?

Amsa: Ɗan'uwa, an samu, kuma fitaccen misali shi ne J.R.R. Tolkien, wanda ya rayu daga 1892 zuwa 1973. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya yi aiki a babban ƙamus ɗin Ingilishi na Oxford, yana bin asalin kalmomin da suka fara da harafin W. A 1920 ya koma koyarwa a Jami'ar Leeds, sannan a 1925 ya zama farfesan tsohon Ingilishi a Oxford, inda ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya a 1959.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, daga cikin karatunsa labaransa suka tsiro. A Beowulf, wata doguwar waƙa ta tsohon Ingilishi, akwai dodon da ya fusata saboda an sace masa ƙoƙon sha daga taskarsa, kuma irin wannan satar ce ta tayar da dodon littafinsa The Hobbit na 1937. Sunan Gandalf da na yawancin gajerun mutanen littafin daga wata tsohuwar waƙar mutanen arewacin Turai ya ɗauko su. Shi kuma nazarin ya amfana da idon marubuci: a laccarsa ta 1936 ya ƙalubalanci masanan da suka mayar da Beowulf ma'adanar tarihi kawai, ya nuna cewa waƙa ce ta fasaha wadda dodanninta su ne ginshiƙinta, kuma har yau ana karanta wannan lacca.

Duk da haka, maganar malaminka tana da ƙanshin gaskiya ta fuskar lokaci. Babban ƙagaggen labarinsa The Lord of the Rings ya ci wa Tolkien kusan shekara 12 yana rubutawa, bai fito ba sai 1954 da 1955, fassarar Beowulf da ya kammala a 1926 kuwa ba a buga ta ba sai 2014, shekaru da dama bayan rasuwarsa. A ganina wannan asara ce ga ɗalibai, ko da yake masu karatu sun ci riba. Wani kuma da ya haɗa biyun shi ne abokin Tolkien, C.S. Lewis, wanda ya samu kujerar farfesan adabin tsakiyar zamani a Cambridge a 1954, alhali yana tsakiyar buga ƙagaggun labaransa na yara da aka sani da Narnia.

Shawarata ita ce ka fara ƙwarewa a tsoffin harsunan, ka kammala digirinka, ka kuma ware wa ƙagaggen labarin lokacin da ba zai taɓa aikin bincikenka ba.