Ku Tambaya Mu Amsa: An ɗora ni kan neman gudummawa, ni kuwa ina jin kunyar roƙo

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekara tara ke nan ina aiki a wani gidan baje kolin kimiyya. Ni ce mai zagayawa da 'yan makaranta, ina nuna musu yadda maganaɗisu ke jan ƙarfe da yadda haske ke karyewa cikin gilashi. Watan jiya kwamitin amintattu ya ɗora ni kan sashen tara gudummawa, aka ce aikina na farko shi ne nemo kuɗin gina ɗakin kallon taurari. Malam, ni ko bashin da nake bin mutum ba na iya tambaya. Yaya zan yi in zauna gaban attajiri in ce ya ba ni? Ta ina ma ake farawa?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Na yi dariya da na zo kan maganar bashi, domin ni ma haka na shiga wannan aiki, harshena na sarƙewa duk lokacin da aka zo faɗin adadi. Sai da na daɗe kafin na gane cewa faɗin adadin shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin aikin. Minti biyu ne a cikin hulɗar da kan ɗauki shekara guda ko biyu kafin a kai gare shi, ta kuma ci gaba shekaru bayansa.

Bari in ba ki labarin Julius Rosenwald, attajirin da ya shugabanci kamfanin Sears a Amurka. A 1911 ya kai iyalinsa Jamus, suka shiga gidan kimiyya na Deutsches Museum da ke Munik. Abin da ya kama zuciyarsa shi ne ganin ɗansa ƙarami ya maƙale wa injinan da aka bar yara su taɓa su juya da hannunsu. Babu wanda ya kai masa takardar roƙo. Ya koma gida da abin a ransa, a 1926 ya yi alkawarin dala miliyan 3, kuma daga nan aka samu gidan kimiyya da masana'antu na Shikago da aka buɗe a 1933, shekara guda bayan rasuwarsa. To ke, Malama, shekara tara kina tsaye daidai wurin da irin wannan abu ke faruwa. Kin san wane inji ne ke sa yaro mai shiru-shiru ya buɗe baki. Wanda ya karanta harkar kuɗi aka kawo shi ofishin nan sai ya yi shekaru kafin ya mallaki abin da ke hannunki. Ina kyautata zaton abin da amintattun suka hango ke nan.

Saboda haka kada ki fara da rubuta wasiƙu. Ki fara da buɗe tsofaffin rasit. Ki fitar da sunan duk wanda ya taɓa bai wa gidan ko da abu kaɗan ne cikin shekara biyar da suka wuce, ki ware waɗanda suka bayar sau biyu ko fiye. Mutumin da ke turo ƙaramin abu duk shekara ba tare da an tuna masa ba ya fi miki amfani a kan hamshaƙin da kika ga hotonsa a jarida, wanda bai taɓa taka ƙofarku ba. Sabbin shiga kan ɓata watanni suna farautar hamshaƙan. Ki kira na gidan ɗaya bayan ɗaya, ki gode musu, ki tambaye su abin da ya sa suka fara bayarwa, sannan ki yi shiru ki saurara. Kada ki nemi komai a wannan kiran. Zumunta a ƙafa take, don haka wanda ya yarda ki je ki same shi, ko ki gayyato shi ranar da motocin makarantu suka cika harabar gidan.

In ya zo, kada ki tsaya a zauren da aka goge aka ƙawata. Ki kai shi bayan fage, inda masu gyara ke kwance injin da yara suka karya. Gidan Exploratorium na San Faransisko, wanda masanin kimiyya Frank Oppenheimer ya kafa a 1969, da gangan ya bar wurin ƙere-ƙerensa a fili inda baƙi ke kallon ma'aikata suna yanka suna ɗaurawa. Na sha ganin mutumin da ya zagaya zaure yana duba agogo, da aka shigar da shi ɗakin gyara sai ga shi ya naɗe hannun riga yana tambayar yadda kaza ke aiki.

Maganar ɗakin taurari kuwa, akwai lissafin da masu wannan sana'a ke yi kafin su buɗe baki, kuma zai cire miki fargaba sosai. Babban aiki ba ya tashi da taro-da-sisin jama'a kaɗai. A bisa al'adar aikin, ana neman kyauta guda ɗaya da za ta ɗauki kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na duk abin da ake bukata, sannan mutum goma ko ashirin na sama su haɗa rabi ko fiye. Ga kowace babbar kyauta da kike fata, ki tanadi sunan mutum uku ko huɗu da za su iya, domin ba duka za su amsa ba. Ki zana wannan a takarda. Idan kin rasa sunayen da za ki cike layukan sama, to gidan bai shirya ba tukuna, kuma gara ki faɗa wa amintattu haka tun yanzu da a kafa harsashi a bar shi ciyawa ta rufe. Ba a shelanta gidauniya ga jama'a sai an riga an tara rabi ko fiye a asirce. Mutane ba sa son zuba kuɗi a abin da suke tsoron zai tsaya a hanya. Kuma kafin ki je wurin kowa a waje, kowane ɗan kwamitin amintattu ya fara sa nasa, gwargwadon ƙarfinsa. Tambayar farko da mai kuɗi zai yi miki ita ce: su masu gidan me suka bayar?

Ranar faɗin adadi, kada ki je ke kaɗai. Ki tafi da shugaban gidan ko wani amintacce da mutumin ke jin nauyinsa. Ki faɗi abin da za a yi, ki faɗi adadin ƙarara, ki rufe bakinki. Shirun da ke biyo baya yana da nauyi, kuma a nan ne mai kunya ke ɓata komai, ya yi saurin cewa "ko rabin haka ma ya isa." Ki bar shi ya yi tunaninsa. In ya ce a'a, ki tambaya cikin ladabi ko adadin ne, ko lokacin, ko aikin ne bai kwanta masa ba. Kowace amsa da inda take kai ki.

Yanzu ga inda na fi so ki kasa kunne, domin a nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake cina. A wani gida da na yi aiki, wani dattijo, injiniya mai ritaya, ya ba mu kuɗi don a gyara na'urar hangen nesa da ta daɗe a lalace. Aka shiga matsin albashi, aka taɓa kuɗin da niyyar za a mayar. Na sani, na yi shiru. Bayan wata takwas ya zo da jikarsa don ta leƙa ta ga wata, ya tarar da na'urar lulluɓe da ƙyalle kamar yadda ya bar ta. Bai yi faɗa ba. Ya gaishe ni, ya kama hannun yarinyar suka fita. An mayar da kuɗin daga baya, an yi gyaran, na rubuta masa har sau uku, bai sake waiwayarmu ba. Da tun farko na ɗaga waya na ce, "Baba, ga halin da muke ciki, ka yarda mu jinkirta?" na tabbata da ya yarda. Kuɗin da aka bayar don wani abu takamaimai amana ce, ba a karkatar da shi sai da izinin mai shi a rubuce. Ki sa akanta ya buɗe wa irin wannan kuɗi layinsa daban, ki riƙa dubawa da idonki duk wata.

Godiya ta fita cikin kwana biyu, da sa hannun mutum, da sunan mai kyauta a rubuce daidai. Bayan wata shida ya ji labarin inda kuɗinsa ya shiga, ko da labarin bai yi daɗi ba. Ni ba na auna mai wannan kujera da yawan abin da ya tara a shekarar farko. Ina duba mutum nawa ne cikin waɗanda suka bayar bara suka sake bayarwa bana.

Abu na ƙarshe da ya shafi ɗakinku: masu kyauta suna son sabon gini, ba mai sha'awar biyan kuɗin wuta ko albashin mai shara. Ko dala miliyan 200 da Jeff Bezos ya bai wa gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Smithsonian a 2021 a rabe ta zo: miliyan 70 don gyaran ginin, miliyan 130 don sabuwar cibiyar koyarwa. Na'urar haska taurari tana tsufa, kwamfutocinta na neman canji. Tun a lissafin farko ki cusa kason kula da ɗakin, a ajiye shi a matsayin waƙafi da ake juyawa, ana cin kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara. Kuma a rubuta manufar kowace kyauta dalla-dalla. James Smithson, Baturen Ingila da bai taɓa taka Amurka ba, ya bar mata dukiyarsa da jimla guda mai faɗi, cewa a kafa cibiyar ƙara ilimi da yaɗa shi. Zinariyar, sama da dala dubu 500, ta isa a 1838, amma majalisar dokoki ta yi ta jayayya kan abin da yake nufi har 1846, sannan aka kafa Smithsonian ɗin.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina cikin amintattun wani gidan kimiyya. Wani kamfanin mai ya yi tayin ɗaukar nauyin baje kolinmu kan sauyin yanayi, da sharaɗin a sa sunansa a ƙofar zauren. Kwamiti ya rabu biyu. Mu karɓa?
Daga wani amintacce.

AMSA: Ranka ya daɗe, ba zan ce maka kuɗin kamfanin mai haramun ne ga gidan kimiyya ba. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ku san irin askin tun kafin ku miƙa hannu. Gidan kimiyya na Landan ya bi ta wannan hanya a 2021, lokacin da Shell ya ɗauki nauyin baje kolinsa kan kama iskar kabon. Daga baya 'yan jarida suka fito da wani sashe na yarjejeniyar da ya hana gidan yin abin da zai ɓata sunan kamfanin. A shekarar nan kuma aka sanar da sabon zaure da kuɗin Adani Green Energy, reshen rukunin kamfanonin Adani na Indiya da ke harkar kwal, amintattu biyu suka ajiye muƙaminsu. Gidan ya dage cewa masu tsara baje kolinsa ne ke da ta-cewa a kan abin da ake nunawa, aka kuma buɗe zauren a 2024. Ko gaskiyarsa ce, sai da ya yi shekaru yana kare kansa maimakon maganar kimiyya.

Jarin gidan kimiyya shi ne yardar da malamin makaranta ke yi cewa abin da aka rubuta a bango gaskiya ne. A ganina, kuɗin kamfanin mai a zauren lissafi ko na taurari abu ne da za a iya zama a tattauna. A zauren sauyin yanayi kuwa ni ba zan karɓa ba, ko da kamfanin bai taɓa ko harafi ɗaya ba, domin baƙo ba shi da hanyar sanin haka. In kwamiti ya rinjaye ka, ka tsaya kan abu uku a rubuce: kamfani ba ya ganin rubutun bango kafin a buɗe, ba sharaɗin rufe baki, kuma sunan yana da wa'adi tare da damar cire shi in abin kunya ya taso. Gidajen tarihi da dama sun sha wuya da sunan iyalin Sackler bayan badaƙalar OxyContin, maganin rage zafin ciwo mai sa jaraba da kamfaninsu ke yi. Gidan Louvre na Paris ya cire shi a 2019, gidan Metropolitan na Niyok ya bi baya a 2021. Cibiyar Lincoln kuwa sai da ta biya iyalin Avery Fisher dala miliyan 15 kafin ta iya sauke sunansa daga zauren kiɗanta ta ɗora na David Geffen a 2015, saboda an yi alkawarin sunan ba tare da wa'adi ba.

Kuma kada ku ɗauka kowa suna yake nema. Rosenwald da na ambata a sama ƙin yarda ya yi a sa sunansa a gidan Shikago. Gidan nan dai shi ne yau ke ɗauke da sunan Kenneth Griffin, wanda ya ba shi dala miliyan 125 a 2019.

TAMBAYA: Wani ya ce zai nemo mana masu gudummawa, mu ba shi kashi 10 cikin 100 na duk abin da ya kawo. Ba mu da kuɗin ɗaukar ma'aikaci. Ya halatta?
Daga wani ma'aji.

AMSA: Ku ba shi haƙuri. Ƙa'idar ƙungiyar ƙwararrun masu tara gudummawa ta Amurka, AFP, ta hana karɓar kamasho a kan kyauta, kuma da dalili. Mai cin la'ada zai matsa wa mutum ya bayar yau, ko da jiran shekara guda zai sa ya ninka, kuma ba ruwansa da godiya ko rahoton da ke biyo baya tunda babu kasonsa a ciki. Sannan ka yi tunanin fuskar mai kyauta ranar da ya ji cewa ɗaya cikin goma na abin da ya bai wa yara ya shige aljihun wanda ya kawo shi. In kuna bukatar mutumin, ku yanka masa lada tsayayye na wata uku ko shida, ku rubuta ayyukan da zai yi, kuma duk sunaye da lambobin da ya tattara su zauna a rajistar gidan.