Tambayoyi da Amsoshi: Ɗaukar Bidiyo a Ƙarƙashin Ruwa da Ƙananan Kyamarori

Tambayoyin da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan ƙananan kyamarorin nan ne da ake liƙawa a jiki, irin su GoPro, DJI Osmo Action da Insta360, da yadda ake shiga ruwa da su. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Zan tafi hutu bakin teku, kuma ina so in yi iyon nan da ake sa tabarau da bututun numfashi a baki. An ce wayata ba ta shan ruwa. To me zai sa in sayi wata kyamara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada ka tsoma wayarka a teku. Alamar IP68 da ake rubutawa a kwalin waya sakamakon gwaji ce da aka yi a ruwan daɗi mai tsabta wanda ba ya motsi. Manyan wayoyin Samsung Galaxy an gwada su a zurfin mita 1.5 na minti 30, iPhone kuma tun daga 12 a mita 6 na minti 30. Teku daban ne. Gishiri yana cin ƙarfen ramin caji, igiyar ruwa tana bugu da ƙarfi, kuma gam ɗin da ya toshe wayar yana saki da tsufa, balle a ce ta taɓa faɗuwa ko mai gyara ya taɓa buɗe ta. Kamfanonin biyu ma sun bayyana cewa garantinsu bai haɗa da ɓarnar ruwa ba. Ga iyon saman ruwa irin naka, kowace daga cikin kyamarorin da na ambata ta ishe ka, ko da tsohon yayi ce, in dai mai jure ruwa ce.

Tambaya: Malam, na fara koyon nutso da tukunyar iska. Wace kyamara ce ta fi jure zurfi?

Amsa: In lambobi kake so, ga su. GoPro, daga HERO9 zuwa HERO13 Black, tana jure mita 10 ba tare da an saka ta a kwanso (akwatin kariya mai hana ruwa shiga) ba. DJI Osmo Action 4 tana kai mita 18, Action 5 Pro kuma mita 20. Insta360 Ace Pro 2 tana tsayawa a mita 12. Amma da zarar an saka GoPro ko DJI a kwansonsu na nutso, dukkansu suna kai mita 60, zurfin da ya wuce mita 40 ɗin da aka ƙayyade wa masu nutson nishaɗi. Ke nan ga mai nutso da tukunya, bambancin nan ba shi ne abin dubawa ba.

Shawarata ita ce ka sayi kwanson tare da kyamarar, ko wace ce. Takardar shaidar farko ta nutso tana ba ka damar sauka har mita 18, kuma kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Kyamara tsirara a wannan zurfin ƙananan ƙofofinta, irin ta batir, kaɗai ke tsakanin ruwa da kayan cikinta. Kwanso kuma, in ya bugi dutse ya karce, shi za ka canza ba kyamarar ba.

Kyamarorin da ke ɗaukar zagaye 360 suna da tasu matsalar. Idanunsu biyu masu tudu ne, ruwa yana karkatar da hasken da ke shiga cikinsu, sai hoton ya dishe kuma wurin da ɓangarorin biyu suka haɗu ya fito a karkace. Su kam ko a mita ɗaya sai da kwansonsu na musamman.

Tambaya: Na ga kifaye masu launi iri-iri, amma da na buɗe bidiyon a kwamfuta komai shuɗi ne, kamar an rina. Kyamarar ce ba ta da kyau?

Amsa: 'Yar'uwa, lafiyar kyamararki lau. Wannan ita ce tambayar da na fi so a fahimta, domin mutane da yawa suna canza kyamara a kanta, su dawo da bidiyo shuɗi kamar na farko.

Hasken rana haɗin launuka ne, kuma ruwa ba ya shanye su lokaci ɗaya. Ja ne ke fara tafiya: kafin a kai mita 5 ya yi rauni ƙwarai. Launin ruwan lemo ya bi shi a wajen mita 10, rawaya ta daɗe kaɗan, shuɗi ne ke kai wa can ƙasa. Mai nutson da ya yanke a yatsa a mita 15 zai ga jininsa ya fito kore mai duhu, saboda babu jan hasken da zai haska shi. Idonki da ƙwaƙwalwarki suna ɗan gyara miki abin da kike gani, ita kuwa kyamara abin da ya iso ta take ɗauka.

Abin da aka fi mantawa shi ne ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba, duk tafiyar da hasken ya yi a cikin ruwa ake haɗawa. In kina mita 3 ƙasa, kifin kuma yana mita 4 daga gare ki, hasken ya ratsa mita 7 kafin ya shiga kyamara. Saboda haka maganin farko, wanda ba ya cin ko sisi, shi ne ki matsa kusa. Ki rage ruwan da ke tsakaninki da abin da kike ɗauka ya koma mita ɗaya ko ƙasa da haka, za ki ga launi ya dawo, hoton ya yi tas. Sai dai kada ki wuce gona da iri: yawancin kyamarorin nan ba sa fitar da abin da ya matso ƙasa da santimita 30 ko makamancin haka, sai an ƙara musu gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa. Ki kuma bar rana a bayanki, ki shiga ruwa daga hantsi zuwa azahar lokacin da haske ke sauka a miƙe.

Magani na biyu filta ce, wato faifai mai launi da haske ke ratsawa, da ake maƙalawa a gaban kwanso. Ja ta dace da ruwa shuɗi na teku mai zafi, mai launin shunayya-shunayya kuma ta dace da ruwa kore irin na tafki. Filta ba ta ƙirƙiro ja, shuɗin take ragewa don launukan su daidaita, shi ya sa hoton ke ɗan yin duhu. Amfaninta yana tsakanin mita 5 zuwa wajen 20. A saman ruwa kuwa ki cire ta, in ba haka ba yashi da kumfa su fito jajir. Sababbin kyamarori sun ƙware wajen daidaita launi da kansu, don haka ki gwada ba filta tukuna.

Na uku fitila. A zurfi sosai, ko cikin kogo, ko da dare, ita kaɗai ke dawo da launi na gaskiya, kuma ƙarfinta ba ya wuce mita ɗaya zuwa biyu. Kada ki haɗa ta da jar filta. Kada kuma ki ɗaura ta dab da idon kyamara, domin za ta haska ƙurar da ke yawo a ruwa bidiyon ya cika da fararen ɗige-ɗige. A kan hannu ake sa ta, can gefe, tana hasko abin daga kusurwa.

Tambaya: Malam, gilashin kwansona yana yin gumi daga ciki bayan 'yan mintuna. Ruwa ne ke shiga?

Amsa: Galibi ba ruwa ba ne, danshin iskar da ka rufe a ciki ne. Kyamara tana ɗumama, ruwan waje yana sanyaya gilashi, sai raɓa ta kwanta a kai. Ka rufe kwanson a busasshen wuri, ɗaki mai na'urar sanyi ya fi, ka saka 'yan ƙyallayen nan masu shan danshi a gefen kyamara, kuma kada ka bar shi a rana a cikin jirgi kafin ka shiga ruwa.

Tun da ka kawo zancen shigar ruwa, bari in ja kunne a kan zoben robar da ke bakin murfi. Kafin ka rufe, ka ɗaga shi zuwa haske ka bi shi da ido daga farko har ƙarshe. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya da ta kwanta a kansa ta isa ta buɗe wa ruwa hanya a mita 15. Sabon kwanso kuma ka fara nutsar da shi babu kyamara, da busasshen tishu a ciki, ka ga ko zai jiƙe. Bayan ka fito daga teku, ka jiƙa komai a ruwan daɗi yana rufe, kana danna maɓallan don gishirin da ya maƙale ya fita, ka goge, ya bushe, sannan ka buɗe. Gishirin da ya bushe a jikin roba shi ke kashe kyamara a fita ta gaba.

Tambaya: Zan iya kallon abin da kyamarar ke ɗauka a wayata ina cikin jirgi, ita tana ƙasa?

Amsa: A'a. Wi-Fi da Bluetooth ba sa ratsa ruwa, 'yan santimitoci ƙalilan sun yanke. Allon taɓawa ma ba ya aiki a ruwa, don haka ka saita komai tun a tudu, ka koyi aiki da maɓallai.

Tambaya: Wane saiti da wane memori kake ba da shawara?

Amsa: Ingancin hoto na 4K a firam 60 (wato hotuna 60) cikin daƙiƙa idan akwai haske, domin za ka iya rage gudun bidiyon daga baya motsin kifi ya yi laushi. In wurin ya yi duhu, koma firam 30. Ka zaɓi kallo mai faɗi, saboda ruwa yana matse hoton, abubuwa su ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. Memori ya kasance mai sauri, mai alamar V30 ko U3; bidiyon da ke cin megabit 100 a daƙiƙa yana cinye kusan gigabait 45 a awa. Ka riƙe batir na biyu, sanyin ruwa yana rage masa ƙarfi.

Tambaya: Gobe zan yi nutsona na farko. In ɗaura kyamarar a goshi ko in riƙe ta a hannu?

Amsa: Ƙanena, a nutson farko ka bar ta a jaka, ko ka ba malaminka ya ɗauke ka. Ina faɗin haka ne da gaske. Sabon mai nutso yana da abubuwan lura da suka fi bidiyo: yawan iskar da ta rage a tukunya, zurfin da yake, kunnuwansa, da abokin nutsonsa. Wanda idonsa ke kan allo yana iya tasowa sama da sauri bai sani ba, ko ya riƙe numfashi don kada hoton ya girgiza, kuma riƙe numfashi yayin tasowa da iskar tukunya a ƙirji yana iya yi wa huhu mummunan rauni. Haka nan ƙafarsa za ta riƙa dukan murjani, halittar da wasu nau'o'inta ba sa ƙara fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara.

Idan ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba ka sama ba ka ƙasa, to ka ɗauko ta. A lokacin ma ba a goshi ba, domin kai ba ya zama wuri ɗaya kuma kumfar numfashinka za ta riƙa rufe hoton. Ka sa ta a kan mariƙi mai hannu biyu, ka ɗauki gajerun bidiyoyi na daƙiƙa 10 zuwa 20, kana juyawa a hankali. Ka ɗaure ta da igiya a wuyan hannu ko a rigar nutso, domin kyamarorin nan nutsewa suke in sun kuɓuce. Masu iyon saman ruwa kuma su nemi mariƙin nan mai launin lemo da ke tasowa da kansa.