Hukuncin Rancen Katin Waya da Jefar da Layi Saboda Bashi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim. A wajenmu kati yakan yanke, sai ranar kasuwa ko mutum ya samu mai shiga gari. Idan ta matse muna danna *303# mu ranci kati. To amma in ka ranci na naira 500, na 425 za su ba ka, ranar da ka loda kuma su cire 500 cif. Wani ɗalibi ya ce mana wannan riba ce tsantsa, duk mai yi yana cikin yaƙi da Allah. Hankalina ya tashi, domin na daɗe ina yi. Sannan akwai wani tsohon layina da na ajiye da bashin naira 1,000 a kansa. Abokaina sun ce ba komai, tunda su ma kamfanonin suna cire mana kuɗi ba da saninmu ba. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tsaya tambaya a kan naira 75. Mai jin tsoron riba a ƙaramin abu ana kyautata masa zaton zai guje ta a babba.

Wannan mas'ala sabuwa ce, malaman wannan zamani sun yi saɓani a kanta, kuma saɓanin nasu ya taso ne daga tambaya guda: mene ne ainihin abin da kamfani ya ba ka?

Waɗanda suka haramta sun ce rance ne. Kamfanin da bakinsa ya kira shi rance, ya ba da 425 ya karɓi 500, kuma ƙa'ida sananniya ce cewa duk rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ne. Wannan lafazi bai inganta daga Annabi (SAW) ba, amma malamai sun haɗu a kan ma'anarsa, kuma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya faɗa a Risala cewa rancen da ke jawo amfani bai halatta ba. Idan aka ce musu ai ladan aiki ne, sai su ce Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta yarda a karɓi ladan hidima a kan rance ne kawai gwargwadon ainihin abin da aka kashe, abin da ya haura haka riba ne. Wahalar da na'ura ke sha wajen tura katin 100 ita ce dai wajen tura na 1,000, to don me cirewar take ƙaruwa da ƙaruwar adadi, kashi 15 cikin 100 a kowane hali? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma da a ce kuɗi kamfanin ya ba ka, da nan maganar ta ƙare.

Sai dai ba kuɗi ya ba ka ba. Lambar da kake gani idan ka danna *310# an rubuta ta da naira, amma ba za ka kai ta kasuwar Ringim ka auno gero ba, ba za ka biya mai babur da ita ba, kamfanin ma ba zai mayar maka da ita tsaba ba. Abin da ka mallaka shi ne damar amfani da sabis ɗinsu na wasu mintuna ko wani adadi na data. Wannan amfani shi ne hajarsu, shi suke sayarwa dare da rana. Shari'a kuwa tana duba ma'anar ƙulla ciniki da abin da ake nufi da shi, ba sunan da aka laƙaba masa a talla ba. Idan muka ajiye sunan gefe, abin da ya faru shi ne: sun sayar maka da hajarsu bashi, a kan farashin da ya ɗara na kuɗi hannu. Ranar da ka sayi kati ka loda, naira ce ta fita daga aljihunka zuwa gare su. Haja ce da kuɗi, ba kuɗi da kuɗi ba.

Ciniki bashi halal ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha (RA) cewa Annabi (SAW) ya sayi abinci bashi a wajen wani Bayahude, ya ba shi jinginar sulkensa. Ƙara farashi saboda jinkirin biya ma mazhabobi huɗu sun halatta, muddin an tsayar da farashi ɗaya tun farko, kuma waccan majalisar ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990. Kai da kake noma ka fi ni sanin wannan. Dillalin taki yakan ce buhu kaza ne in za ka biya yanzu, kaza ne in sai kaka. Ka zaɓi na kaka, kuka rabu a kan haka, ciniki ya yi. Inda riba take shigowa shi ne kaka ta zo ba ka samu biya ba, ya ce to na ɗaga maka zuwa wata biyu amma ka ƙara dubu biyar. Wannan ita ce ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya yi shelar yaƙi a kanta a ƙarshen Suratul Baƙara: ko ka biya, ko bashin ya hau.

Saboda haka abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne rancen kati daga kamfani ya halatta da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ka san nawa za a ba ka da nawa za ka biya kafin ka amince. Na biyu, bashin kada ya ƙaru saboda ka yi jinkiri. Idan wani kamfani ya fito da tsarin da 500 ke zama 550 don an kwana biyu ba a biya ba, wannan haramun ne babu ja. Abin da ka yi a baya babu laifi a kanka, ka kwantar da hankalinka. Shi kuma ɗalibin, yana da malaman da ya bi, kuma kishin addini ne ya sa shi magana. Amma ina yi masa nasiha: mas'alar da malamai suka saɓa a kanta bisa ijtihadi ba a jefa wa talakawa ayar yaƙi a kanta. Ya ce ga abin da na fahimta, ga dalilina, ya bar mutane da natsuwarsu.

Halatta daban, dacewa daban. Ba na son ka mai da shi ɗabi'a. Wanda ke rancen 500 duk mako, naira 75 yake zubarwa kowane zuwa, a shekara 3,900 ke nan da bai yi magana da ita ko ta minti ɗaya ba. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. A bar rance sai ga lalura, kamar haihuwa ta zo cikin dare ana neman mota, ko rashin lafiya. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba, ya bari gaba ɗaya, ya fita daga saɓani, yana da lada.

Abubuwa biyu kada a haɗa su da wannan. Idan ka tura wa maƙwabcinka katin 100 a kan ya mayar maka da katin 120, wannan rance ne mai jawo amfani, bai halatta ba, domin abu ɗaya ne ya tafi ya dawo da ƙari. Haka manhajojin waya masu tura wa mutum tsabar kuɗi cikin asusunsa su karɓa da ƙari bayan mako ɗaya ko biyu, wannan kuɗin ruwa ne a fili, babu wani tawili a cikinsa.

Yanzu batun tsohon layinka, wanda shi ne ya fi damuna a tambayar. Wannan naira 1,000 bashi ce a wuyanka. Ko a wajen malaman da suka haramta rancen, abin da ka karɓa ka yi amfani da shi dole ka biya. Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kuma a Bukhari ya ce wanda ya karɓi dukiyar mutane da nufin biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa da nufin salwantar da ita Allah zai salwantar da shi. Hadisin bai ware mai kuɗi ba, bai ware wanda ba Musulmi ba. Kamfani ma dukiyar mutane ce, akwai masu hannun jari a ciki da ba ka san su ba, wasu 'yan fansho ne.

Maganar abokanka tana da ɓangaren gaskiya. A ɗora wa mutum waƙar kira ko saƙonnin da bai nema ba a riƙa cire masa kuɗi, cin dukiya ne da ɓarna, Allah kuma ya hana a Suratun Nisa'i aya ta 29, sai dai ciniki bisa yardar juna. Duk mai hannu a wannan zai amsa a gaban Allah. Akwai ma malamai, har a mazhabarmu ta Malikiyya, da suka yarda wanda aka zalunta ya ɗauki daidai haƙƙinsa idan ya samu dama. To amma sai haƙƙin ya tabbata, an san adadinsa. Kai ka san nawa aka cire maka? Ka tabbata ba yaro ne ya karɓi wayar ya danna wani abu ba, ko bidiyo ne ke sauka da kansa a WhatsApp yana shanye data? Ba a soke bashin da aka tabbatar da zato. Hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka.

Ka nemi haƙƙinka ta ƙofa. Ka tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla. Ka kira kamfanin ka ce su faɗa maka duk abin da aka yi maka rajista, su cire. In ba su saurare ka ba, ka kira NCC a 622, kyauta ne. Layin kuma ka mayar da shi cikin waya ka loda masa 1,000 su cire abinsu. Idan ya ɓata ko an rufe shi, ranar da ka shiga Dutse ko Kano ka je ofishinsu da lambarka ta NIN ka tambayi yadda za ka biya. In ka yi iyakar ƙoƙarinka hanya ta toshe, ka yi sadaka da adadin da niyyar masu haƙƙin.

Wallahu a'alam.