Amsa: Tallar rigar H&M da yaro baƙar fata

Malam, ka tambaya ko mutane sun wuce gona da iri da suka yi wa kamfanin sayar da tufafi na H&M ca a watan Janairun 2018, kan tallar da ta nuna yaro baƙar fata sanye da riga mai hula, an rubuta a gabanta cewa shi ne birin da ya fi burgewa a daji. A'a, ba su wuce ba. Kamfanin da kansa ya cire hoton, ya janye rigar daga kasuwa, ya nemi afuwa. Ɓarnar da aka yi a shagunansa na Afirka ta Kudu ce kawai ban goyi baya ba.

Dalilina shi ne, a Turai kalmar biri tsohon zagi ce da ake jifan baƙar fata da ita. Na zauna a Ingila, na ji da kunnena 'yan kallo suna kukan biri duk lokacin da baƙar fata ya taɓa ƙwallo, ranar ko abinci ban iya ci ba. Uwa tana iya kiran ɗanta biri da wasa a cikin gida, amma hoton nan ya bi ta hannun mai ɗaukar hoto da masu tacewa, ba wanda ya ce a dakata.