Amsa ga 'yar'uwar da ke neman dangin mahaifiyarta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Mama, Ya haskaka kabarinta. Kin ce ta tashi a gidan marayu na gwamnati a Kano cikin shekarun 1970, daga can aka aurar da ita, har ta koma ga Allah ba ta bar muku komai game da danginta ba sai cewa "daga gabas aka kawo ni", kina tambaya ta ina za ki fara. Tun jiya maganar ke cina, domin shekara huɗu na yi ina irin wannan cigiya a kan mahaifina.

Kada ki fara da ofis. Ni da ofis na fara, na ci shekara guda ina zirga-zirga da takardar neman izini, kuma a cikin shekarar nan mutum biyu da suka san Baba tun yana yaro suka rasu. Fayil ɗin da nake nema yana nan har yau inda yake, su kuwa sun tafi da abin da ke cikinsu.

Baba a sansanin masu cutar kuturta aka haife shi. A 1937 ne mishan ta SIM, wata ƙungiyar Turawa masu yaɗa addinin Kirista, ta karɓi gudanar da manyan sansanonin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, kuma a wancan zamani, kafin maganin dafson ya yaɗu, in mace mai cutar ta haihu akan raba ta da jaririn a kai shi ɗakin reno don gudun kada ya ɗauka. Haka aka yi wa Baba. Yana ɗan shekara bakwai wani malamin asibiti ya ɗauke shi riƙo, sunan mutumin nan ne ya bi shi makaranta, shi ne kuma a takardunmu duka. Ban san ba kakana ba ne sai da na haifi 'ya'ya uku. Baba ya ɓoye ne saboda mu 'ya'yansa mata, yana tsoron a ce jikokin kuturwa ne a fasa aurenmu, alhali cutar ba gadonta ake yi ba, ƙwayar cuta ce, kuma ana warkewa. Ban taɓa ganin laifinsa ba.

Wadda ta buɗe mini ƙofa wata tsohuwa ce a ƙauyen da ke gefen sansanin, inda waɗanda suka warke suka zauna suka hayayyafa. Mu Musulmi ne, ita Kirista ce, ɗaki ɗaya aka rene su da Baba. Sunan da na je da shi bai yi mata amfanin komai ba. Sai da na nuna hotonsa ta ce, "Ai Ɗanladi ne, ɗan Bagobira." Ta ce uwar tana da tsagar Gobirci, takan zo bakin shingen waya ranar kasuwa ta tsaya daga nesa tana kallonsa, ba a barinta ta taɓa shi. Ta ce shekarar yunwar 'Yar Gusau aka haife shi, wato wajen 1942. A zama ɗaya na samu laƙabi, ranar haihuwa, shekara da ƙasar asali, abin da takarda ba ta ba ni ba a wata goma sha biyu.

Ke naki ya fi nawa sauƙi, tunda waɗanda suka tashi tare da Mama yawancinsu yanzu suke tsakanin hamsin da sittin da 'yan kai. Ki fara da Babanku in yana raye: wa ya yi mata walicci, wa ya karɓi sadaki, wane limami ya ɗaura auren, su wa suka kawo amarya, wa ya zo wankan jego a haihuwar farko. Matar da kuka tashi kuna kira Anti ko Goggo ba ku san ta inda kuka haɗu ba, sau da yawa 'yar gidan ce. 'Yan gidan marayu suna riƙe zumunci a tsakaninsu fiye da yadda mutane ke zato, in kin samu ɗaya za ta kai ki ga biyar. Ki nemi tsofaffin masu reno da masu dafa abinci da masu gadi da suka yi ritaya. Ki je da goro ko sabulu, ki zauna a tabarma, ki nemi izini kafin ki naɗi murya a waya. Kada ki tambaye su shekara da lamba, ba haka suke ƙirga ba. Ki ce kafin canjin hannu ne na 1972 ko bayansa, kafin naira ta fito a 1973, ko lokacin da aka kashe Murtala a 1976.

Kalmar "gabas" ɗin nan ki riƙe ta da kyau amma kada ki ƙuntata ta. A bakin Bakano tana iya zama Ringim, Gumel, Dutse ko Haɗeja, tana iya kaiwa har Borno. Waɗancan garuruwa huɗu suna cikin Jihar Kano har 1991 da aka yanke Jigawa, don haka takardar yarinyar da aka kawo daga Haɗeja a 1974 a Kano ya kamata a fara nemanta. Ki tuna kuma farin 1973 ya koro mutane da yawa daga ƙasar Damagaram da sauran sassan Nijar, yara sun rabu da iyaye a hanya da tasha. In Mama tana da tsaga ko bille, ki kai hotonta wurin tsohon wanzami, sukan karanta fuska kamar wasiƙa. In akwai wata kalma da take faɗa daban da ta Kanawa, ko waƙar reno da ta yi muku, ki rubuta.

Bayan wannan sai takarda. Gidan da kansa yana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin mata ta jiha, can za ki kai takardar buƙata, ki haɗa da shaidar cewa ke 'yarta ce da shaidar rasuwa. Abin da za ki roƙa a duba miki shi ne babban littafin rajista na shiga, inda akan rubuta ranar da aka kawo yaro, wanda ya kawo shi da inda aka samo shi. Wanda ya kawo shi ɗin nan shi ne zaren da za ki ja: ɗan sanda ne, jami'in jin daɗin jama'a ne, asibiti ne, ko mai unguwa. Gidan mai unguwa da na dagaci sarautar gado ce galibi, ɗan yakan tuna abin da ya faru a zauren ubansa. In kafin 1976 ne, lokacin En'e ba ta rushe ba, ki leƙa masarauta ma.

Ni da nake neman abin zamanin Turawa, Kaduna na je, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House. Fayilolin larduna suna can da lambobi irin KANOPROF da SOKPROF, amma rahotannin shekara yawan yara suke bayarwa, da wuya su ba da suna. Wanda nasa ya tashi a hannun mishan ya tuntuɓi cocin da ta gaje ta, ECWA ga SIM, COCIN ga reshen Ingila na wata mishan ɗin mai suna SUM, domin da yawan takardun suna Amurka da Birtaniya. Ko ina kika duba, kada ki tsaya a rubutun suna ɗaya. Hauwa takan koma Kulu, Halima ta koma Dubu, wani lokaci ma gidan ne ya raɗa sabon suna.

Cigiya a rediyo tana aiki, da ita na gama nawa. Sai dai ki ɓoye alama ɗaya, tabo ko wani abu da ɗan gida kaɗai zai sani. Mutum uku suka kira ni, biyu kuɗin mota suke so. Na ukun tsoho ne daga ƙasar Gobir, ya ce yayar babarsa ta tafi magani da ciki ba ta dawo ba, ya faɗi yatsan da ta rasa kafin in tambaya, daidai da yadda tsohuwar nan ta gaya mini. Gwajin jini na DNA sai bayan an kai irin wannan mataki yake da amfani, don tabbatarwa. Maganar gado da muharramaka kuwa ki kai wa malami, har da ta shayarwa in an ce wata ta ba Mama nono.

Ki shirya zuciyarki, ki kuma yi shawara da Babanku da 'yan'uwanki tun yanzu. Ba kowane ɗan gidan marayu ne maraya ba. Akwai wanda ya ɓata a kasuwa, akwai wanda uwarsa ta samu taɓin hankali, akwai tsintacce da aka rubuta masa "ba a san iyaye ba" layin ya ƙare a nan. Wataƙila Mama ta san fiye da abin da ta faɗa, ta zaɓi yin shiru. Ni ƙanwata har yau ba ta so 'ya'yanta su ji labarin, kuma ban tilasta mata ba.

Na je ƙauyen da damina. Kabarin kakata ba wanda ya san inda yake, amma sun nuna mini ɗakin da ta fita daga ciki, yanzu rumbu ne a wurin. Ki turo mini ta akwati, ba a bainar jama'a ba, shekarar da aka ɗaura auren Mama da sunan da ƙawayenta ke kiranta da shi. Akwai wata tsohuwar mai reno da muke zumunci, zan kai mata ranar Juma'a in Allah Ya kai mu.